Bintu a Jirgin 'Yan Karta

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Sri Petaling ta Kuala Lumpur a shekarun nan ya san Bintu, ko bai san fuskarta ba ya san miyarta. 'Yar Gwale ce, malamar firamare, har zuwa 2012 da mijinta Alkasim ya samu gurbin karatun digiri na uku da kuɗin gwamnati, ya kwaso ta da 'ya'yansu, Kausar da Aliyu, zuwa Kuala Lumpur. Bizar 'yan rakiya aka ba ta, wadda ba a ɗaukar mai ita aiki. Ita kuwa Bintu zaman banza ciwo yake sa mata. Kafin ka ce kwabo ta gano inda ake sayar da kuɓewa da busasshen kifi a Brickfields, ta ɗora wa duk ɗalibin da zai je gida hutu nauyin taho mata da kuka da daddawa, ta kafa tukunya a ɗan kicin ɗinta na saman bene. Ɗaliban da shinkafar mamak, wato ta shagunan abincin Indiyawan garin, ta gundura suka riƙa layi a ƙofarta, kowa na cewa a yi masa tapau, wato a ƙulle masa ya tafi da shi.

Faɗa ne da ita, ba ta kuma ɓoye shi. Wanda ya dawo mata da kwano ba wanki, sai ya tsaya a gabanta ya wanke kafin ta zuba masa. Amma ita ce mai dafa wa marar lafiya kunu kyauta, ita ce mai kwana asibiti in matar wani ta haihu. Shi ya sa ake jure bakinta.

Akwai mutum ɗaya da bakin nan bai cika kaiwa gare shi ba: ƙanenta Zahraddeen, autan gidansu, wanda ta goya a bayanta tun tana 'yar makaranta. Ita ta dage a turo shi karatun kwamfuta a wata kwaleji mai zaman kanta. Mahaifiyarsu, Hajiya Azumi, ta ƙi, ta ce yaron bai gama hankali ba. Bintu ta ce mata a waya, "Hajiya, ki ba ni shi amana. Idona na kansa." Shekarar farko a gidanta ya zauna. Daga baya ya ce makarantar ta yi masa nisa, ya koma ɗaki da abokansa, sai ran Juma'a ya zo ya ci tuwo. Tana ganin sabon takalmi da sabon agogo, ta tambaya, ya ce gyaran kwamfuta yake yi wa mutane. Ta sa masa albarka.

A hutun ƙarshen 2016 ne ya zo da albishir. Wai wani kamfani da yake yi wa aiki ya ba shi kyautar tafiya a jirgin ruwa, shi da iyalinsa, daga Port Klang zuwa tsibirin Langkawi a dawo, ci da sha da ɗaki duk an biya. "Yaya, ku ne iyalina," in ji shi. "Tun da kika zo ƙasar nan ba ki taɓa hutawa ba."

Gaskiya ya faɗa. Bintu ta sauke tukunya, ta sanar wa masu sayen abincinta kowa ya nemi inda zai ci. Ta hau jirgin ƙasa zuwa kasuwar Jalan Masjid India ta sayo sabon mayafi da kayan wanka na yara. Ta yi dambun nama, ta soya cincin, don ba ta yarda da tafiya hannu biyu. Har ta kira Hajiya ta gaya mata irin ɗan da ta haifa.

Jirgin ya kai unguwa guda. Yammacin farko ta zauna a samansa tana shan iska, yara na guje-guje, ba wanda ya ce mata miya ta ƙare. Ta ga manyan hotunan karta a bango, ta ga har wainar da aka raba wa yara an yi mata zanen karta, ta ɗauka ado ne irin na mutanen nan. Zahraddeen ya ɓace tun bayan magariba, ya ce zai gaisa da mutanen kamfanin.

Da hantsi washegari suna bakin wurin wankan yara, Aliyu ya daka tsalle yana nuna wani ƙaton talabijin da aka kafe a can gefe. "Ummi, look! Uncle Deen!"

Ta ɗaga kai. Wani koren teburi ne, mutane sun kewaye shi, kowa da 'yan faifai masu launi a gabansa. Ga ƙanenta a tsakiya, ya sa baƙin gilashi a cikin ɗaki, ya rufe kai da hular riga, yana ɗaga gefen karta da ɗan yatsa kamar wanda aka haifa a kan teburin. Ta tare wani ma'aikacin jirgin ta tambaye shi da Turancinta na malamar makaranta. Ya yi mamakin tambayar. Ai jirgin duka an ɗauke shi ne don gasar foka, wata irin karta ta kuɗi, kuma duk ɗan wasan da ya ci zagayen share fage a gari ana ba shi ɗaki ya zo da iyalinsa.

Bintu ba ta san lokacin da ta miƙa wa Alkasim tawul ba. Ta gangara bene da silifas ɗinta a jiƙe, ta bi alamu har ƙofar zauren gasar, ta wuce mai gadi kafin ya gama buɗe baki. Ciki tsit, ba ka jin komai sai ƙarar faifan nan. Ta je ta bayansa ta fizge gilashin.

"Zahraddeen. Wannan ne kamfanin?"

Ya juyo, fuskarsa ta yi fari. "Yaya, don Allah, ba a nan ba."

"A nan ɗin! A nan ka zaɓa! Ka ɗauko ni da mijina da 'ya'yana ka zuba mu a gidan caca, ka rasa inda za ka kai mu sai tsakiyar teku inda ba hanyar gudu?"

Duk zauren ya juyo. Wani tsoho mai sigari a baki har da ɗan murmushi. Masu gadi biyu suka matso, ɗaya na cewa, "Madam, cannot lah." Ta ce kar wanda ya kuskura ya taɓa ta. Ta ajiye gilashin a kan kartar ƙanenta, ta fita da ƙafarta.

A ɗaki ta tarar da Alkasim ya tura yara kallon kifi. Abin da ya ƙara tunzura ta shi ne bai yi mamaki ba.

"Abban Kausar, ka sani?"

"Na yi zargi," ya ce, idonsa a ƙasa. "Wane kamfani ne zai ba ɗalibi jirgi? Ruwa ba ya tsami banza."

"Ka yi zargi, ka ja bakinka ka yi shiru? Kai da kake jan mutane salla?"

"Maman Kausar, shekara da shekaru ina kallon ki a gaban wuta. Ko garin Melaka da ke nan kusa ban iya kai ki ba. Da na ga kina murna, sai na kasa."

"Da ka bar ni a gaban wutar! Can na san abin da nake ci."

Bayan azahar aka ba 'yan wasa hutu, Zahraddeen ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ta ɗauka haƙuri ya zo bayarwa. Ina! Bayani ya zo da shi. Wai foka ba caca ba ce, lissafi ne da karanta fuskar mutane, wai akwai masu digiri a teburin.

"To malam mai lissafi," in ji Bintu, "abin da ka ci, daga sama ya faɗo? Ba aljihun wani ya fita ba?"

"Kin san me ya faru da naira a bana?" Muryarsa ta ɗaga, abin da bai taɓa yi mata ba. "Abin da Hajiya ke turowa ko rabin zango ba ya kaiwa. Kina tsammanin da me na zauna a ƙasar nan?"

"Da ka gaya min!"

"In gaya miki? Yaya, wa ke iya gaya miki magana? Kafin mutum ya kai rabi kin yanke masa hukunci."

Maganar ta shige ta har ƙashi, kuma shigar da ta yi ba ta sanyaya ta ba, sai ma ta ƙara mata wuta. Ita da ta goya shi, ita da take ware masa tsokar nama mafi girma duk Juma'a, yau ita ce dodo? Ta nuna masa ƙofa.

Daga wannan lokaci ba ta ƙara sa abincin jirgin a bakinta ba. Alkasim ya ce yara ba su da laifi, ya kai su suka ci, ba ta hana ba. Ita dai dambunta da cincin da ruwan gora. Ta zauna a gefen gado tana kallon teku ta wata 'yar taga, ruwa ne iya ganinta, ba bas, ba tasi, ba maƙwabciyar da za ta shiga ta amayar da abin da ke cinta. Lasifikar ɗakin kuma ba ta fasa sanar da wanda ya fita da wanda ya rage a gasar ba. Sau da yawa in an kira Zahraddeen tana jin sunan ubanta a bakin mai sanarwar, yana karya shi yadda ya ga dama. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Da jirgin ya tsaya a Langkawi da safe, sauran fasinjoji suka sauka da 'yan jakunkunan yawon buɗe ido. Bintu ta sauka da akwatunanta duka. Ma'aikatan suka yi ta bayani cewa tafiyar ba ta ƙare ba, ta ce tata ta ƙare. Zahraddeen ya biyo su har bakin tsani.

"Ɗauko jakarka mu tafi," ta ce masa. "Ka biyo ni yanzu, abin da ya wuce ni da kai ne, Hajiya ba za ta ji ba."

Ya dubi jirgin, ya dube ta. "Yaya, na kai teburin ƙarshe. Yau kaɗai ya rage."

Bintu ta juya masa baya. Ta kama hannun Aliyu suka wuce. Ƙaramin jirgin fito suka hau zuwa Kuala Perlis, daga nan suka shiga bas, wuni guda cur a hanya. Aliyu ya yi kuka har ya gaji. Kausar ta juya fuska ga taga, duk abin da uwar ta ce mata da Hausa sai ta amsa da kalma ɗaya ta Turanci. Alkasim ya rungume jakar kwamfutarsa ya yi kamar barci yake.

Zahraddeen bai zo na ɗaya ba, amma ya samu rabo. Ya zo gidan da leda cike da tsaraba. Bintu ta bar shi a tsaye a ƙofa, ta ce ya koma da kayansa inda ya samo su. Ranar Litinin ta sa mayafi ta tafi kwalejin da kanta. A can ta ji sauran labarin: ya daɗe rabonsa da aji, kuma da irin wannan fashi ba za a sabunta masa biza ba. Daga nan ta zarce ɗakin abokansa, waɗanda suka sha cin tuwonta suna yi mata "Anti, Anti" alhali sun san komai. Ta wanke su tas, ta ce kar ƙafar ɗayansu ta ƙara taka benenta.

Sannan ta kira Kano. Ba ta rage komai ba. Hajiya Azumi ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ke na ba wa shi, Bintu." Bintu ta ce, "Ni ce, Hajiya." Ta kashe wayar ta shiga kicin, ta yi ta daka citta da barkonon da ba wanda ya ce yana buƙata, har matar da ke ƙasansu ta hawo ta tambaya ko lafiya.

Farkon 2017 Zahraddeen ya koma gida ba takarda. Ita ta haɗa masa kaya, ta ninke kowace riga, amma Alkasim ne ya kai shi filin jirgi. Su ma a ƙarshen shekarar suka tattara, bayan Alkasim ya kammala. Bintu ba ta koma aji ba, ta buɗe gidan abinci a Kano, ta ɗauki mata huɗu aiki, dukansu suna tsoron ta suna kuma ƙin barin ta. Zahraddeen ya kama rumfar gyaran waya a kasuwa. Ko ya bar karta ko bai bari ba, ba wanda zai rantse. In sun haɗu a gidan Hajiya ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa da "lafiya", ta ci gaba da abin da take yi. Dangi sun sa baki har sun gaji.

A 2019 aka sa ranar aurensa da wata yarinya mai suna Walida. Ba wanda ya yi ƙarfin halin tambayar Bintu ko za ta zo. Ranar ɗaurin aure da sassafe sai ga ta da motar kaya, tukwane da buhunan shinkafa da matan nan nata. Ta kori mai girkin da aka ɗauko, ta ce wannan miyar ba za a ba baƙi ita a gidan ubanta ba. Ango ya fito cikin babbar riga ya durƙusa a gefen murhu, hayaƙi na shiga masa ido.

"Yaya, na gode."

Ta ci gaba da juya miya, ba ta dube shi ba. Can ta ce, "Tashi ka cire rigar nan kafin ta kama wuta. Kujeru ba su isa ba a waje, je ka nemo."

Ya tashi da sauri ya tafi neman kujeru.