Baƙin da ke kan kantar Baba Kusurwa

A layin da ke bayan tashar mota, tsakanin tela da mai gyaran fanka, akwai wani ɗan shago da in ka miƙe hannuwanka sai ka kusa taɓa bangon nan da wancan. Nan Baba Kusurwa yake yi wa hotuna firam tun gashinsa na baƙi. Sunan ma aikin ne ya jawo masa. Ko gaisuwa ya shiga gidan mutane, kafin ya gama amsa "ina gajiya" idonsa ya tafi bango, yana duba ko kusurwar firam ta haɗu ko ta buɗe baki. In ta buɗe, to ranar ba za a ji daɗin hirarsa ba.

Da can aiki har yawa yake yi masa. Wanda ya gama makaranta ya kawo takardar shaida, wanda ya sami ƙarin girma ya kawo hotonsa da kaki, mai jego ta aiko da na jariri. Sai waya ta zo ta haɗiye hotunan duniya, kowa ya ɗauka ya bar abinsa a aljihu, ba mai wankewa. Zarton Baba ya koma yini a rataye. Shi kuwa kullum sai ya buɗe shago, ya share garin katakon da babu shi, ya goge gilashi, ya zauna.

Babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa gare ta, ita ta ɗauke masa hayar shagon tun da abin ya ja baya. Ma'aikaciyar jinya ce, ba ta iya zagaye-zagaye ba. Wata rana ta biyo daga wajen aiki, ta zauna a benci.

"Baba, hayar nan ta kusa ƙarewa. Ni dai da ka rufe, ka zauna gida ka huta, jikoki su yi ta hawa kanka."

"In huta da me, Uwata? Wace gajiyar na yi?"

"To in ba ka rufewa, a zuba kaya a gaba, irin wanda mai wucewa zai gani ya saya ya tafi. In sun motsa kafin lokacin haya, in sabunta. In ba su motsa ba, mu haƙura da shagon."

Ya amsa, don bai ga wata ƙofa ba. Mutumin da ya saba da ƙanshin gam da katako, ina zai iya zaman tsakar gida yana kallon shanya?

Suka tafi wajen 'yan sari, nan fa aka sha kallo. Ta ɗauko furen roba, ya ce matattarar ƙura ne. Ta nuna agogon bango, ya ce in ya tsaya shi za a dawo wa da shi, shi kuwa bai san cikinsa ba. Ta ɗaga kofuna masu rubutu a jiki.

"Shagon firam za mu cika ko teburin mai shayi?"

"Baba, me kake so ke nan?"

"Abin da in an tambaye ni zan iya ba da amsa."

Da ƙyar suka daidaita a kan 'yan madubai, da ƙugiyoyin rataya hoto, da ƙananan ƙusoshi. Amma jigon kayan shi ne firam na kanti, ƙanana, irin na ɗorawa a tebur. Baba ya juya ɗaya, ya danna kusurwarsa da babban yatsa, ya taɓe baki.

"Roba ce aka yi mata kwalliyar katako."

"Ita mutane ke so. Ba awo, ba jira, ba a dawo jibi."

Ya haɗa kantar katako da hannunsa, ya jera kaya a kai. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Kowane firam ya zo da takarda a ciki, an buga hoton wasu mutane suna ta washe baki, kana gani ka san ba su ma san juna ba. Baba ya ce ba a shagonsa ba.

To, kowane mai firam yana da wani kwali a ƙarƙashin teburin aikinsa. Hotuna ne da aka kawo aka ce a yi musu firam, masu su suka tafi ba su sake waiwayowa ba. Baba bai taɓa yar da ko ɗaya ba, baƙinsa yake kiran su. Ya jawo kwalin, ya cire masu dariyar ƙaryar nan, ya sa baƙinsa a madadinsu. Ga wani dattijo riƙe da keke, ga wasu 'yan mata uku da kaya iri ɗaya, ga wani direba ya jingina da motarsa yana ji da kansa. Kanta ta yi kyau kamar falon gidan mutane.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Ƙusoshi da ƙugiyoyi suna fita, madubi ma jefi-jefi, amma firam ko ɗaya bai ɗaga ba. Abin ya ɗaure wa 'yar kai, ta tsaya wajen tela ta tambaye shi ko kasuwar ce haka.

"Kasuwa lafiyarta ƙalau," in ji tela. "Zauna nan bayan keken ɗinkina, ki gani da idonki."

Ta zauna. Mutane na wucewa, su leƙa kanta, su yi gaba, don duk sun ɗauka aikin wasu ne ke jiran a zo a karɓa. Can sai ga wata malamar makaranta ta shiga, ta ɗauki firam ɗin dattijo mai keke.

"Baba, wannan nake so."

"Wannan da mutum a ciki, 'yata."

"Ai cire shi za a yi."

"A cire shi ya koma ina? Shekara da shekaru yana cikin kwali, yanzu ne ya samu ya sha iska. Duba wani."

"Wancan ma da 'yan mata a ciki."

"E, to, su ma ɗin dai..."

Malama ta yi dariya, ta ajiye, ta tafi abinta. Ba ta kai bakin titi ba 'yar ta shigo. Baba na ganinta ya kama goge gilashin da ya riga ya goge.

"Baba, kaya muka saro ko masauki muka buɗe?"

Ya ajiye gilashin. "Na san na sayarwa ne, Uwata. Amma in na juya bayan firam zan buɗe, sai in ji kamar ina fitar da mutum daga ɗaki. Kowannensu hannu da hannu aka ba ni shi, na ce to. Masu su ba su dawo ba, amma ni to ɗina tana nan."

Ta zo da faɗa a bakinta, sai ya ƙi fitowa. Ta dubi direban nan da motarsa, ta sassauta murya. "Na ji. Amma lokacin haya ya matso, Baba. In suna ciki, kaya ba za su fita ba, ni kuma ba zan iya riƙe shagon da ba ya motsi ba."

Tela, wanda kunnensa bai taɓa zama a shagonsa ba, ya leƙo da tsinken allura a baki. "Mutum da zarto da katako, ya rasa inda zai sauke baƙi sai ɗakin roba. Ko hannun ne ya manta?"

"Koma ka gyara wuyan rigar da ka karkata," in ji Baba.

Amma washegari da safe layin ya tashi da ƙarar zarto. Baba ya fito da katakon da ya daɗe yana ɓoyo don babban aiki, ya auna bangon da ke saman teburinsa, ya yanka gilashi mai faɗi. Ya haɗa firam guda, ƙato, kusurwoyinsa ko gashi ba zai shiga ba. Ya kwashe baƙinsa kaf, na kanta da sauran na kwali, ya jera su a ciki kowa da gurbinsa. Shi da tela da mai gyaran fanka suka ɗaga shi, yana ta yi musu faɗa kada su karkata. Ƙananan firam ɗin kuwa ya sa musu farin kwali, babu kowa a ciki.

Ba a ce kasuwa ta ɓarke ba. Yau ɗaya, gobe shiru, jibi biyu. Ya dai ci gaba da gaya wa duk mai saye cewa roba ce, kada a ce ya rufe shi. Amma a hankali kanta ta fara yin giɓi.

Ranar da haya ta cika, 'yar ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta bi giɓin nan da kallo. Baba na sunkuye a kan tebur da guduma a hannu, bai yarda ya ɗago ba.

"Daga wajen mai shago nake," in ji ta. "Na sabunta."

Gudumar ta ɗan tsaya a hannunsa, sannan ta ci gaba.

"To matsa, kin tare mini haske." Sai da ya buga ƙusar ta shige ya ƙara da cewa, "In za mu koma sari, mu yi sammako. Mutane na tambayar waɗanda suka ɗara waɗannan girma."