Dashen Mangwaro da Sabon Inji a Hanyar Gure

Damagaram zuwa Mirya

Ana kiran assalatu muka bar Damagaram, ni da Ari ɗan kawuna, cikin bazarar wata shekara kafin babban yaƙin Turawa na biyu. Ni ke tuƙa kamiyon wani ɗan kasuwa, wato babbar motar kaya, Ari ne mai gyara. Injin kamiyon na asali ya mutu, shi ne Ari ya ciro na wata mota da ta kife ya dasa masa. Garin wannan aiki marfin tankin isansi, wato fetur, ya ɓace. Don gudun rairayi na samo fatar akuya mai taushi, na shafe ta da mai, na ɗaure bakin tankin da ita tamau, ina ta yabon kaina.

Sukari da shayi da turamen zane muka ɗauko. Amma abin da ke raina yana Mirya. Babana ya taɓa shan mangwaro sau ɗaya, ya kasa mantawa. Ya tsufa, kuma kullum zancensa a samo masa dashe ya sa a garkarsa ta cikin kwari a Gure. Wani mai garka a Mirya ya ba ni ƴan dashe da ƙasarsu, muka naɗe su da jiƙaƙƙen buhu.

"Kada ka bari buhun ya bushe, ɗana," in ji shi. "In ya bushe, itacen wuta ka kai wa tsoho."

Hanyar Gidimuni

Injin yana ta waƙa har muka fara hawan tudun rairayi. Ina taka shi sai ya yi tari, ya fizga, ya shaƙe. In na sassauta ƙafa ya dawo daidai, in na taka ya sake. A rairayi kuwa wanda bai taka ba ya kafe.

"Taubashi, injin nan naka jaki ne ya haife shi?" na ce wa Ari.

"Ɗan mace, ƙafarka ce ta masu kirɓa fura. Sauka mu gani."

Ya kwance buji, wato filogi, ya goge. Ya hura karbirato. Na kwance fatar muka zura kara a tanki, ga isansi nan cike. Muka tayar, mota ta tafi sumul, Ari yana cewa buji ne. Ba mu yi nisa ba tari ya dawo. Wannan karon ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya busa tiyo har bakinsa ya yi wari, na sake duba isansi. Ta warke, ta kuma sake. Haka muka wuni, kowace tsayawa ina yayyafa wa buhun ruwan salka.

Da magariba muka shiga Gidimuni. Gardi mai tsaron hanya ya duba takardarmu ya bar mu. Muka sauka a zauren wani abokin kawu, aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka da ɗanyen dabino. Har yau ban ƙara cin tuwo mai daɗin wannan ba. A nan bakina ya fi ƙarfina. A gaban mai masauki na ce Ari bai iya aiki ba, ya lalata motar mutane. Wannan ba wasan taubasai ba ne, kowa ya gane. Ari ya wanke hannu ya tashi.

Gidimuni zuwa Gure

Da safe ba ya yi mini magana. Rana ta take, mota ta kafe sau da yawa, muna shimfiɗa kaba ƙarƙashin taya. Inji ya yi zafi yana neman ruwa, ga salka ta kusa ƙarewa. Ganyen dashen ya fara lanƙwashewa. Na zuba wa inji, don in bai sha ba babu mai isa gida. Ɗan abin da ya rage Ari ya kai baki, ya tsaya, ya juye a kan buhun.

Na zagaya zan kwance fatar kamar yadda na saba. Sai na ga ta lotsa ciki kamar ƙoƙo. Ina sassauta igiya na ji tankin ya ja iska, fuuu, kamar wanda aka daɗe da toshe wa hanci. Ashe ba buji ke warkar da motar ba, buɗe tankin da nake yi ne.

"Ari, zo ka gani. Fatata ce. Ta hana iska shiga, isansi ya kasa sauka."

Ya zo ya danna fatar da yatsa, ya daɗe yana kallo.

"To wa jaki ya haifa?"

"Ni ne. Ka yafe mini, ɗan kawu."

"Sai mun koma zauren Gidimuni ka faɗa a can."

Ya karyo ƙayar aduwa ya huda fatar. Daga nan injin bai ƙara tari ba, tudu bayan tudu yana haye su da gurnani.

Gida

La'asar sakaliya muka hango Gure. Ban tsaya sauke sukari ba, na ɗauki buhun na gangara kwari. Baba yana bakin rijiyarsa da guga a hannu. Na buɗe a gabansa, ganye duk ya ƙone, yana karyewa a yatsa. Na kasa ɗaga kai.

Baba ya ajiye guga. Ya tsuguna yana kankare bawon kowane dashe da farce. Wannan busasshe, wannan ma. A kan na ƙarshe ya tsaya, ya matso da shi kusa da ido.

"Wannan da sauran rai. Ari, miƙo gugar nan."

Wannan dashen kaɗai ya kama. Baba ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ya yi shekaru yana ba shi ruwa safe da yamma, kuma Allah ya ja kwanansa har ya sha ƴaƴan fari. Da muka koma ta Gidimuni na faɗi abin da Ari ya ce in faɗa, mai masauki yana ta dariya. Baba da Ari duk sun riga ni gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Na gode wa Allah da ya kawo mu gida da guda mai rai.