Damona a Akurkin Inna

Jama'a, jiya damo na rufe a keji, yau da safe kaza na tarar a ciki!

Kun san damon nan da nake kiwo. Don kada in kashe kuɗi, na tattaro tsohon kwano da guntayen bulo, na jingina kejin da bangon akurkin Innarmu, wai na huta da gina bango ɗaya. Malam Sale magini ya leƙo ya ce, "Ka zuba siminti a ƙasa, damo da haƙa aka san shi." Na ce ai nawa ɗan gida ne.

Ashe rami ya haƙa ta ƙarƙashin bangon. Kazar Inna ta firgita, ta biyo ramin ta faɗo keji. Na leƙa akurki, sai ga gogan a kwance, ciki kamar tulu. Ƙwan zabin da aka kawo wa Inna daga garin Saji, kazar take kwanci a kai, ko ɗaya bai bari ba!

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, dabba ce."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce wa ƙanwata, "Hadiza, ɗora tukunya. Ƙwaina yana cikinsa, tare zan dafa su."

Yanzu haka na tare bakin akurki, ruwa kuma ya fara tafasa.