Kunnen Malam Maharazu

Shekara ashirin da bakwai Malam Maharazu ya yi yana gyaran rediyo a wani ɗan shago a Mandawari, bai taɓa yarda da mitar gwajin wuta ba. Da kunne yake aiki. Ya kunna abu, ya karkata kai, ya gaya maka inda ciwon yake tun kafin ya kwance noti ɗaya. To kunnen nan ne ya fara mutuwa, a shekarar da soja suka koma bariki, kuma ko matarsa bai gaya wa ba.

Sai shekarar ta zo da yayin ƙaramar amfilifaya ta ɗaki, na'urar ƙara sauti, kowa ya sayo ya taho da tambaya. Za ta ja sifika huɗu? Za ta hau da tsohuwar rikodata? Wutarmu ba za ta ƙona ta ba? Abin takaicin, sai sun jona ta yi hayaƙi sannan suke tuna tambayar. 'Yan siyasa sun fi kowa ba shi ciwon kai: su ɗaura wa 'yar abar ɗaki lasifikar kan mota, ta ƙone, su zo suna zagin kamfani. Ya gaji, wallahi, gajiyar da barci ba ya magani.

Wata Laraba da hantsi Hajiya Zinariya, wata dattijuwa daga Zaitawa, ta zo da tata a ƙunshe cikin ɗankwali.

"Malam, tsarabar ƙanena ce daga Makka. Alhaji maigidana yana kwance, ba abin da yake so sai karatu. Na ce ba zan jona ba sai na tambaye ka."

Har ransa ya ji daɗi, yau ga mai hankali. Ya juya bayanta, ya ga ƙaramar wuta take ci, ya haɗa mata taransifoma, ya jona rikoda, ya sa kaset. Karatu ya tashi. Ya karkata kai yadda ya saba.

"Tas take, Hajiya. Ɗauki abarki."

Ta dube shi. "Wannan ƙugin fa, Malam?"

"Wane ƙugi?"

Kafin ta amsa, telan da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo yana ɗaga murya: "Malam Maharazu, don Allah kashe ƙugin nan, har cikin kaina!"

Ya ɗora tafin hannunsa a kan sifika. Ga shi nan kuwa, yana karkarwa a fatarsa. Waya ce ɗaya ta saki, irin matsalar da a da yake ganewa tun daga bakin titi. Kunya ta rufe shi. Minti biyu ya yi ya liƙe ta da dalma, ya sake kunnawa, ya tsaya riƙe da sukundireba.

"Hajiya," ya ce, bai ɗago ba, "saurara mini. Ya tafi?"

Ta ba shi amsa. Bai ji ta ba. Sai da ya ɗago ya ga tana gyaɗa kai sannan ya kashe.