Ƙyauren Fallomi

Shekara biyar ke nan da rasuwar aminina Malam Abakar kafinta, kuma bana ce ta farko da na ji daɗin cewa ba ya raye.

A farkon shekarun tamanin ɗin nan ya sauka Gashuwa a bayan motar kifi, yaƙi ya koro shi daga Njamena, wadda har ya mutu Fallomi yake ce mata. 'Yan gudun hijira kowa da ƙunshin tufafinsa, shi kuwa ga 'yarsa Falmata a hannu, ga ƙyauren katako a ka. Mun yi masa dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Malam, gidan fa, yana tafe a baya?" Ya ce, "Gidan ya zama ƙasa."

Sai daga baya ya ba ni labari. Bama-bamai sun sauka tsakiyar birnin, sun rusa shaguna da gidajen da suka girmi kowa, har mutum ya kasa gane layin da aka haife shi. Zauren kakansa ya rushe, ƙyauren kaɗai ya tarar a tsaye, kakan ne kuma ya sassaƙa shi da hannunsa. Da shi ya haye kogi a kwalekwale, mai fito yana ta zaginsa.

Bai kafa shi a ɗakinsa ba. Masallacin unguwarmu ya ba, lokacin asabari ne a ƙofar. Kowace Juma'a sai ya shafe shi da man gyaɗa. Akwai wani tabo inda ɓarɓashin bam ya shige, wannan ba ya bari a cike. Da ciwo ya kwantar da shi, abu ɗaya ya roƙe ni: in kula da ƙyauren, don shi ke nan abin da Falmata za ta gada na garinsu.

Bana na tafi jinya Kano. Kafin in dawo, kwamitin masallaci ya samu siminti, an yi gini sabo, an sa ƙofar ƙarfe mai koren fenti. Ban ƙi gyara ba. Amma da Falmata ta zo daga Nguru, inda take aure, muka tambayi shugaban kwamiti ina ƙyauren yake, sai ya ce, "Haba Malam, tsohon katako ne fa. Mun ba masu bandar kifi."

Muka gangara bakin kogi. Mai bandar, baiwar Allah, ba ta san komai ba. Ta ce, "Wallahi, Baba, katakon ya ci wuta da kyau, kamar an jiƙa shi da mai." Ta tona toka ta miƙo mana zoben ƙarfen da ake ja. Falmata ta ɗaure shi a gefen mayafi, ba ta yi kuka ba.

Me Abakar zai ce? A can aƙalla akwai wanda zai tsine wa. A nan kuwa mutanen da ya yi sahu da su ne, cikin zaman lafiya, da rana tsaka, ba wanda ya tambayi kowa.

Abin da ya rage nasa, zobe ne a Nguru, sai kujerun da ya ƙera da har yanzu 'yan kwamitin ke zama a kai. Allah Ya jiƙansa. Ni dai tun ranar ban sake sa kifin banda a bakina ba.