Harafin da Ba a Faɗa

A lokacin da abin nan ya faru, ni matar gida ce a unguwar Pumpumre a Garwa, ƙasar Kamaru. Ba na fita sai biki ko gaisuwar mutuwa, amma tsakar gidana ba ya rabo da mata, don ni mai son hira ce. Boko kam ɗan leƙawa na yi aka cire ni. Abin da na samu shi ne allo, sai karatun Hausa da na koya wa kaina da 'yan littattafan da maigidana ke tahowa da su daga Yola in ya je saro kaya. Amma Allah ya ba ni kunne. Magana in ta gifta ta gabana, to ta zauna. Fulatanci, Faransancin kasuwa, har ɗan Larabcin direbobin Kusiri, duk a zaune na tsince su.

Haka na tsinci Turanci. An kawo wani jandarma, ɗan sandan soja, gidan da ke jikin namu, matarsa 'yar Bamenda ce, yankin masu Turanci, kowa Madam yake ce mata. Katangar da ke tsakaninmu guntuwa ce, ta nan muke miƙa wa juna gishiri da wuƙa da garwashi. Ba ta jin Hausa ko Fulatanci, Faransancinta kuma ya fi nawa rauni, don haka sai na bi ta cikin nata harshen. Kafin a jima ina ba ta labarin rikicin dangin mijina da Turanci tana dariya har da hawaye. 'Yata ta fari kuwa a cikin 'ya'yan Madam ta tashi, bakinta ya fi nawa faɗawa.

Da ta isa shiga makaranta na nace sai ɓangaren Turanci. Babanta bai so ba. Ya ce duk ƙasar nan da Faransanci ake neman abinci, kuma in yarinya ta kakare ba mu da mai duba mata karatu. Na ce ga ni. Ya yi dariya, ya ce to a gwada, amma duk ranar da ta gaza zai mai da ita inda 'ya'yan kowa suke. Shekaru suka tafi ba ta gaza ba, har aka zaɓe ta ta yi karatu gaban iyaye a bikin ƙarshen shekara. Malamarsu ta rubuta mata 'yan layuka a kan uwa mai girki, ta ce ta riƙa maimaitawa a gida.

A nan na sa hannu. Na zaunar da ita a tabarma, na ɗora yatsa a kan layi, na ce ta karanta. Sai na lura tana tsallake haruffa. Ga kalmar wuƙa an rubuta knife, ita kuma ta ce “naif”. Ga listen da t ƙuru-ƙuru a tsakiya, ta haɗiye shi. Ni a saninmu na Hausa abin da aka rubuta shi ake faɗa, kuma malaminmu na allo ya sha gaya mana kowane harafi yana da haƙƙi, wanda ya ci haƙƙin harafi bai yi karatu ba. Sai na yanke cewa “naif” ɗin da muke faɗa ta kan katanga Turancin tsakar gida ne, na takarda kuwa dole a ba shi cikarsa. Na ce ta ce “kinife”. Ta ce malama ba haka take faɗa ba. Na ce malama sauri take yi, a gaban manya ba a karatun sauri. Ban doke ta ba, ni ba mai duka ba ce. Naci kawai na yi, kullum da la'asar, ina tsince shinkafa ina gyara mata. Daga baya na ji cewa a makaranta tana karanta na malama, in ta dawo ta karanta nawa. Madam tana bayan katanga duk wannan lokaci, ban tambaye ta ba, don ina so ranar ta sha mamaki.

Ranar biki na ci ado na zauna a layin gaba. Aka kira 'yata, ta hau kan benci da takardarta, muryarta ras. Da ta iso kalmar farko cikin waɗanda na gyara mata, ta ɗan tsaya. Ta dubi malamarta, sannan ta dube ni. Na gyaɗa mata kai. Ta ce “kinife”. Yara suka fashe da dariya, wasu iyaye suka rufe baki da gyale, wani daga baya ya maimaita kalmar da ƙarfi. Ta daure ta ci gaba, ta iso ta biyu, ta sake faɗar tawa. Daga nan ta sauko, ta miƙa wa malama takardar, ta je ta zauna. Ba ta yi kuka ba. Ni kuwa har a lokacin ina zaton hassada ce ta sa su dariya.

Madam ce ta warware mini a hanyar gida. Ta tambaye ni wa ya ɓata wa yarinya baki, na ce ni na gyara mata. Ta tsaya cak a bakin titi, ta ce abin da nake faɗa da bakina tun zuwanta shi ne daidai, Turanci haka yake, ana rubuta harafi a bar shi kwance. Na ce to me ya kawo shi, ta ce ita ma ba ta sani ba, haka ta tarar. Da muka shiga gida na fara yi wa 'yata bayani, ina kawo zancen haƙƙin harafi. Tana cire takalmi, ba ta ko ɗago ba, ta ce, “Inna, ai ko a allo akwai alif ɗin da ba a karantawa.” Gaskiyarta. Na wanke shi a allo ba adadi, ban taɓa furta shi ba.

Babanta bai ce ta gaza ba, ya ma so a bar zancen. Ita ce ta same shi ta ce ya mai da ita ɓangaren Faransanci, don yara sun laƙaba mata kalmar ta zama sunanta. Na roƙe ta, Madam ta roƙe ta, ta ce ta ji, amma ba za ta koma ba. Aka mai da ita. Ba a daɗe ba aka ɗauke mijin Madam zuwa Ngawundere, Turanci ya bar gidanmu. Yanzu 'yata ta girma, tana aikin jinya, muna zaune lafiya, kullum sai ta kira ni. An ce in mara lafiya ya yi mata Turanci tana fahimta sarai, amma da Faransanci take amsawa.

Abin da na gane shi ne, na san abu da kunnena na ƙi yarda da shi, don ina ganin duk abin da ke kan takarda ya fi ƙarfin abin da ke bakin mace irina. Ga iyaye mata 'yan'uwana da ba mu yi nisa a boko ba, in yaro ya ce malama ba haka ta faɗa ba, ku tsaya ku tambaya kafin ku gyara. Kuma kada ku sa yaro ya zaɓa tsakaninku da malaminsa a gaban jama'a. Ku zai zaɓa, shi kuma za a yi wa dariya.