Kwamfutar Kwalin Sukari

Ko na tsufa na manta sunana, ba zan manta da kwalin sukarin nan ba.

Cuku nake saidawa a kasuwar Tawa. Ban taɓa shiga lakkwal ba, wato makarantar boko, mijina ya mutu, ɗiya ɗaya gare ni. Ta gama karatun tattalin arziki a Yamai ta dawo ta zauna, don a shekarun nan ma'aikata ma watanni suke yi ba albashi. Sai wata hukumar gina rijiyoyi ta nemi mai nazarin kasafin kuɗi.

Na ce, "Mi ne aikin?"

Ta ce, "Inna, in duba abin da za a kashe, in ce wannan ya yi yawa."

Na ce, "To ai aikina ne tun da ubanki ya mutu."

Suna son digiri, tana da shi. Suna son Faransanci, tana da shi. Suna son mai saurin hannu a kwamfuta, ita kuwa a jami'a daga nesa ta fi ganinta. Sai ta zana madannan kwamfuta a bayan kwalin sukari, kullum bayan la'asar tana ƙwanƙwasa shi da yatsu goma, ido a bango, baki na motsi.

Gwaggonta ta zo daga Affala ta tarar da ita haka. Ta ja ni zaure. "Iska ta kama ɗiyarki! Da bango take magana!" Ranar jarrabawa ta tare ƙofa da kaskon hayaƙi, wai ba inda yarinya za ta sai an yi mata magani, kwalin kuma a ƙone.

Na ce, "Yaya, ko aljani ne, bari ya samo albashi tukuna." Na ɗauke kaskon.

A biro, wato ofishin hukumar, ana zaunar da masu neman aikin sai kuran, wutar lantarki, ya ɗauke. Da jira ya ishi mai jarrabawar, ya ce kowa ya nuna yadda zai buga lissafin a injin da ke kashe, yana kallon yatsu. Samari suka yi ta laluben haruffa. Ɗiyata ko ba ta ga bambanci ba, nata injin na kwali bai taɓa kamawa ba.

An ɗauke ta. Albashin farko sai da damina ta wuce, cukuna ne ya ci gaba da ciyar da ma'aikaciya. Gwaggo har ta rasu tana cewa hayaƙinta ne ya yi aiki.

Tun ranar, in na ga yaro yana abin da ban gane ba, ba na kiran mai magani. Tambayarsa nake yi.